Hazbiya: yaushe ruwan ɗumi ya isa, yaushe za a tura mutum asibiti?

Ɗanjuma, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga ma'aikatan lafiyar ido da ke cikinmu. Tun da hunturu ya kankama, masu zuwa kantin magani da kumburin fatar ido sun yawaita, yara da manya. Kusan kowa bakinsa ɗaya: hazbiya ce, a ba shi kafso ko maganin ɗigawa, wani ma allura yake nema. Amma kumburin ba iri ɗaya ba ne. Na wani ɗan ƙurji ne a gindin gashin ido, da farin baki, yana zogi. Na wani ƙullutu ne mai tauri kamar ƙwayar wake a tsakiyar fatar, babu zafi, har ya yi wata biyu. Akwai kuma yaran da ake kawowa ido ya kumbura ya rufe ruf. Ta yaya ake rarrabe su? Kuma yaya ake gasawa yadda za ta yi aiki, don da yawa suna cewa sun gwada ba su ga canji ba? Man tetracycline ɗin nan da kowa ke saya, yana da amfani a nan ko asarar kuɗi ce?

Hajiya Balaraba, Marwa

Wa alaikumus salam Malam Ɗanjuma. Sai an san abin da ke cikin fatar idon kafin a gane kumburinta. Kowane gashin ido yana da 'yar jakar maiƙo a gindinsa. Bayan layin gashin kuma, can cikin naman fatar mai ɗan tauri, akwai wasu dogayen jakunkuna a jere kamar haƙoran matsefi, wajen 30 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. Su ke fitar da maiƙon da ke shimfiɗuwa a kan hawaye duk ƙiftawa, ya hana ido bushewa da wuri. Idan bakin ɗaya ya toshe, maiƙo ya taru, sai ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, wadda dama tana zaune a fatar mutane da yawa da cikin hancinsu, ta samu wurin yin gida. Mugunya ta taru, wuri ya yi ja, ya kama zogi. Wannan ita ce hazbiya, a takardar likita za ka ga an rubuta orgelet. Ba sammu ba ce, ba kambun baka ba ce.

In ta gindin gashi ce, bakinta waje yake kallo, kuma takan fashe da kanta cikin 'yan kwanaki. In ta cikin dogayen jakunkunan ce, sai an juya fatar za a ga ɗigon rawaya ta ciki, ta fi zafi kuma ta fi daɗewa. Shi kuwa ƙullutun da ba ya zafi, wanda ake rubutawa chalazion, babu ƙwayar cuta mai aiki a cikinsa. Maiƙo ne ya daskare, jiki ya yi masa ƙawanya. Ko mutum ya sha kafso kwali guda ba zai narke ba.

Yanzu gasawa, nan ne ake kuskure. A wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwa a bar shi ya huce har ya kai ɗumin da za ka ɗora a cikin tsintsiyar hannunka ba ka janye ba, wato wajen digiri 40 zuwa 42. A tsoma tsumma mai tsabta, a matse, a rufe ido a ɗora. Minti 10 zuwa 15, sau huɗu a rana. Wanda ke mantuwa ya haɗa da lokutan salla: bayan asuba, azahar, magariba da isha'i. Abin da ya sa mutane ke cewa ba ta aiki shi ne tsumman yana hucewa cikin minti biyu, balle da iskar hunturu, su kuma su zauna da tsumma mai sanyi a ido su ce sun gasa. Dole kwanon ruwan ya zauna a gefe ana sake tsomawa. Maiƙon nan kamar man shanu yake, sai zafi ya ɗore a kansa yake narkewa. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa a naɗe cikin tsumma ya fi riƙe zafi, amma a gwada shi a hannu tukuna, domin duk jikin mutum babu fata mai siranta kamar ta ido, ƙonewarta ba wuya. Yaro kuwa kada a bar shi ya riƙe da kansa.

Bayan an gasa, a ɗan murza a hankali da yatsa mai tsabta zuwa wajen gashi: fatar sama a yi ƙasa, ta ƙasa a yi sama. In wurin yana zogi sosai a bar murzar sai ya lafa. Matsewa irin ta ƙurajen fuska kuwa haram ne a nan, tana tura mugunyar cikin nama. In ta fashe, a goge da auduga da tafasasshen ruwa da ya huce, daga wajen hanci zuwa wajen kunne, shafa ɗaya a yar da audugar. Paracetamol ya isa zogin. Ba a ɗaure idon, ba a sa kwalli sai an warke. Yawanci mako ɗaya zuwa biyu an gama.

Man tetracycline kashi 1 cikin 100 ba ya ratsa fata ya kai cikin ƙurjin, don haka ba shi ke warkar da hazbiya ba. Amfaninsa idan ta fashe, ko ido yana kwantsa da ja. A ja fatar ƙasa, a zizara kamar tsawon santimita ɗaya, bakin bututun kada ya taɓa ido ko gashi. Gani zai ɗan yi hazo na wasu mintuna, ka gaya wa mai babur kada ya sa ya hau hanya. Bututu ɗaya na mutum ɗaya ne, kuma in an buɗe ya yi kwana 28 a yar.

Dokta Sani, Ngaundere

Hajiya ta gama da biyun farko. Ni yaran da ido ya rufe ruf ne suka dame ni, domin a nan ake rasa ido, wani lokaci har rai.

Akwai wani siririn labule mai ƙarfi da ya taso daga bakin ƙashin gurbin ido ya shiga fatar ido. Shi ya raba waje da ciki. In ƙwayar cuta ta bazu a gabansa, daga hazbiya da aka matse, ko cizon ƙwaro, ko rauni, fatar duka za ta kumbura ta yi ja ta yi zafi, amma ƙwayar idon lafiya lau take. In kuwa ta shiga bayansa, inda jijiyar gani da naman da ke juya ido suke, to wannan maganar kwantarwa a asibiti ce da allura ta jijiya, wani sa'in har da tiyata. A wurin yara galibi ba daga hazbiya take zuwa ba, daga kogon da ke gefen hanci ne bayan mura mai nauyi, saboda ƙashin da ya raba shi da gurbin ido siriri ne kamar takarda. Daga can kuma hanyar ƙwaƙwalwa ba nisa.

Daga waje su biyun kamarsu ɗaya. Shi ya sa, Malam Ɗanjuma, kada ka yanke hukunci sai ka wanke hannu ka buɗa fatar ka ga idon da kansa. Ka rufe ɗaya idon ka sa ya ƙirga yatsunka daga nesa kaɗan. Ka sa ya bi yatsanka da kallo sama, ƙasa, dama, hagu, kai a tsaye. In gani ya ragu, ko idon ba ya juyawa sosai, ko juyawar tana yi masa zafi, ko yana ganin abu biyu biyu, ko idon ya turo waje fiye da ɗan uwansa, asibiti yau, ba gobe ba. Haka in akwai zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko yaro ya yi laushi yana ta barci. In ka kasa buɗa idon ma, wannan kaɗai ya isa dalilin turawa. Jariri da bai kai shekara ba, ba a jira a ga alamun nan. Wanda bai cika wata guda ba kuma idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya, a ɗauka ciwon sanyi ne ya samu wajen haihuwa har sai an tabbatar ba shi ba ne, domin cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya huda baƙin ido.

In an duba an ga a gaban labulen take, nan ne maganin sha yake da muhalli, kuma likita ne zai rubuta gwargwadon nauyin mutum. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ba da ampicillin ko amoxicillin zalla. Mafi yawan Staphylococcus suna fitar da wani sinadari da ke lalata su, sai a sha kwana biyar kumburi na nan. Wanda ke aiki shi ne amoxicillin da aka haɗa da clavulanate, ko cloxacillin, na kwana 5 zuwa 7 ko fiye in likita ya ga dama. A tambayi ko mutum ya taɓa samun ƙaiƙayi ko kumburi bayan shan dangin penicillin. Wata dabara mai sauƙi: a zagaye iyakar jan da biro, a dawo da shi bayan awa 24 zuwa 48. In jan ya ƙetare layi, maganin bai riƙe ba.

Abin da nake roƙonka da shi, kai da duk mai kanti: ka riƙa karanta jikin kwalbar maganin ɗigawa. In ka ga dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone a cikin haɗin, kada ya fita ba da takardar likitan ido ba. Mutane suna son sa saboda yana kashe ja da ƙaiƙayi nan take, sai su mai da shi abin kullum. Cikin 'yan makonni yana iya ɗaga matsin ruwan cikin ido ya cinye jijiyar gani a ɓoye, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yara sun fi saurin kamuwa da haka. Yana kawo yanar ido in an daɗe, in kuma akwai gyambo a baƙin ido yana iya sa shi ya huje. Hazbiya ba ta buƙatarsa ko kaɗan.

Malam Ilu, Kusiri

Barkanku Hajiya, barka Dokta. Bari in ƙara abin da ya shafi yankinmu, daga Marwa zuwa Kusiri har ƙetaren gada a Injamena, don ba kowane ciwon fatar ido ne ke zuwa da ƙurji ba.

Amodari, wanda a asibiti ake ce wa tarakoma, shi ma ƙwayar bakteriya ce, Chlamydia trachomatis, kuma a cikin fatar sama yake ɓuya. Yaro zai zo da kwantsa da ɗan ja, ƙudaje na bin fuskarsa, uwa ta ce hazbiya ce ke son fitowa. In an juya fatar sama sai a ga ƙananan ɗigo farare ko ruwan toka, guda biyar ko fiye. Yana yawo ta yatsu, ta gyale ko zanen da ake share wa yara fuska da shi, da ƙudan da ke ƙyanƙyasa a bayan gidan da aka yi a fili. Kamuwa bayan kamuwa tun ƙuruciya ke barin tabo, tabon ya ja fatar ciki, gashi ya koma yana gogar baƙin ido. Tsofaffin matan da za ka gani da ɗan hantsaki a rataye suna tuge gashin ido, ƙarshen wannan hanyar ke nan, kuma maganinsu ƙaramar tiyata ce, ba man shafawa ba. A nan ne tetracycline yake da cikakken aiki, amma sau biyu a rana har mako shida, ba kwana uku ba. Ko azithromycin sha ɗaya, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, babba giram ɗaya. A gundumar Kolofata da ke arewacin Kamaru an yi rabon azithromycin na ɗigawa ga jama'a gaba ɗaya a 2008, sau biyu a rana kwana uku. In ka ga yaro ɗaya, ka tambayi sauran yaran gidan.

Kumburi a lungun ido wajen hanci, ƙasa kaɗan, da hawaye mai zuba kullum, wannan jakar hawaye ce ta toshe ta yi mugunya, gasawa kaɗai ba ta isa. Ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na goshi da fatar ido, da raɗaɗi kamar wuta, sun tsaya cak a tsakiyar fuska ba su ƙetara ba, wannan ita ce cutar da a asibiti ake ce wa zona. Ba bakteriya ba ce, aciclovir take so cikin kwana uku na farko, kuma in saurayi ne ko budurwa ya kamata a yi gwajin ƙanjamau. Sai wanda ba a cika tunawa da shi ba: mahauci, majemi ko makiyayi da ya taɓa dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ya zo da ƙurji mai ƙaiƙayi wanda ya koma baƙin ɓawo kamar gawayi, ba mugunya, ba zogi sosai, amma fuska ta kumbura suntum. Wannan cutar dabbobi ce da ke kama mutum, wadda a asibiti ake ce wa charbon. Ba a tsaga shi, a tura shi asibiti, a kuma sanar da malaman dabbobi.

Kan abin da ake zubawa a ido a gida, gaskiya yana ɓata mini rai, domin hazbiyar da za ta tafi da kanta ake mayarwa makanta. Ruwan lemon tsami da na albasa suna ƙona baƙin ido. Nonon uwa da ruwan suga abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Fitsari kuwa, in mai shi yana da ciwon sanyi, an zuba wa ido cutar da hannu. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, tsakanin ƙurjin da ƙwayar ido bai kai kaurin farce biyu ba. Dokta, na san a wasu wurare ana tuge gashin da ke tsakiyar hazbiyar don ta zubar. Yana aiki, amma ni ba na faɗa wa jama'a, saboda hantsakin gida shi ne dai wanda aka cire ƙaya da shi jiya.

Kwalli ba na cewa a daina. Amma tandu ɗaya da tsinke ɗaya na zagaya uwa da 'ya'ya da kishiya, haka cuta ke zagayawa. Kowa ya yi nasa tsinken, a riƙa wanke shi, wanda aka yi amfani da shi lokacin ciwo a yar. A goge kwallin kafin barci, don daidai bakin jakunkunan maiƙon da Hajiya ta faɗa yake zama. Kuma yawancin kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan yana ɗauke da dalma, jariri kuwa yana murza ido ya kai hannu baki. A bar jarirai.

Ɗanjuma, Garwa

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu, Hajiya. Masu hazbiya tana tafiya tana dawowa kusan duk wata fa? Da kuma mai ƙullutun wata biyu, har yaushe zai yi ta gasawa?

Hajiya Balaraba, Marwa

Mai dawowa, ka duba bakin fatar idonsa da tocila. Sau da yawa za ka ga ɓawo-ɓawo kamar amosani a gindin gashi, bakin fatar ya yi kauri ya yi ja, yana kukan ido na yi masa kamar da yashi, musamman da safe. Wannan shi ne gonar da hazbiya ke tsirowa, in ba a gyara ta ba ana cire ɗaya wata na fitowa. Gyaran: a gasa minti 5 zuwa 10, a murza, sannan a goge gindin gashin da auduga da aka tsoma a rabin kofin tafasasshen ruwa mai ɗumi da ɗigo biyu ko uku na shamfun jarirai. In babu, ruwan zalla ya fi sabulun wanki ko na wanka, waɗannan suna ƙona ido. Gindin gashi ake gogewa, ba cikin ido ba. Safe da dare na mako huɗu zuwa shida, bayan nan sau ɗaya a rana ya zama ɗabi'a kamar asuwaki, domin lafawa yake yi, ba ya ƙarewa. In akwai amosanin kai a yi maganinsa tare. A lura da hannun da ke shiga hanci ya koma ido, da ƙura da hayaƙin murhu da ke sa murza ido. Mai babur da mai aiki a fili su sa tabarau lokacin hazo.

Babba mai yawan hazbiya, balle in yana fama da maruru a wasu wurare, ya je a auna sugansa da safe kafin ya ci komai. In ya kai giram 1.26 a lita ko ya wuce, a sake aunawa wata rana, in ya maimaita ciwon suga ne. In duk an yi wannan ba ta daina ba, likita kan rubuta doxycycline na wasu makonni don ya gyara maiƙon, amma ba a ba mai ciki, mai shayarwa, ko yaro ƙasa da shekara 8.

Ƙullutu kuma a ba shi mako huɗu zuwa shida na gasawa ta gaskiya, irin wadda na bayyana, da murzawa. Da yawa suna narkewa. In ya ƙi, ko ya yi girman da yake danne ƙwayar ido gani na hazo, a je sashen ido. Aikin bai wuce minti 15 zuwa 20 ba: allurar kashe zafi a fatar, a kama wurin da ɗan maƙali a juya, a tsaga kaɗan ta ciki a kwashe. Ba ɗinki, ba tabo a waje. Za a rufe idon na wasu awoyi, a sa man ido wajen mako guda, fatar ta ɗan yi duhu ta washe. Ƙaramin yaro sai an sa shi barci, shi ya sa ake ƙara yi masa haƙuri. Akwai kuma allurar da ake yi cikin ƙullutun, amma a baƙar fata takan bar farin tabo, a tambaya kafin a yarda.

Dokta Sani, Ngaundere

Ƙari ɗaya kan na Hajiya. Dattijo ko dattijuwa da ƙullutu ya dawo a wuri ɗaya bayan an kwashe, ko gashin wurin ya zube, ko bakin fatar ya yi gyambo yana jini, kada a sake kwashewa kawai. A yanki ɗan nama a kai gwaji, domin akwai ciwon daji na jakunkunan maiƙon nan da ke shigar burtu da kamannin ƙullutu. Zabiya kuwa ko yana matashi, duk gyambon fatar ido da ya wuce wata bai warke ba a duba shi haka.

In za ka tura mutum, Malam Ɗanjuma, ka rubuta masa a 'yar takarda ranar da ciwon ya fara, ko akwai zazzaɓi, da abin da ya riga ya sha ko ya ɗiga. Ka ce ya taho da kwalaben da bututun a leda, har da na gargajiya, kuma ya faɗa wa likita gaskiyar abin da aka zuba a idon.